Yadda Ake Farfaɗo Da Monitar Da Wuta Ta Sumar

Ba zan tambaye ka ko ka kunna soket ba. Ka kunna. Ka kashe ka sake kunnawa, ka zare fulogi ka hure shi ka mayar, ka ɗan mammari gefen monitar da tafin hannu, har ka tofa mata abin da ya sawwaƙa. Duk wanda ya kai ga neman shawara a shafin mujalla ya baro waɗannan tashoshin tun da hantsi. Abin da ke gabanmu sananne ne: an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, an dawo da ita, fanka ta juya, firij ya yi gyaran murya, akwatin kwamfuta ya kama hucinsa yadda ya saba, ita kuwa monita ta ce ba da ita ba. Tawa haka ta yi mini makon jiya, kuma har yanzu ban huce ba. Idan ka ji muryata tana hawa a wani wurin, ba da kai nake ba.

Shawara ta 1: Jira a kawo wuta.

Wannan matakin ba za ka same shi a ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali ba. Waɗanda suka rubuta shi a Koriya ko Sin ko Taiwan sun ɗauka wuta aba ce da ke zaune cikin bango dare da rana tana jiran a neme ta. Shi ya sa suke cewa ka gwada wani soket, hankalinsu kwance, ba su san duk soket ɗin unguwar sun tafi hutu tare ba. Duk gwajin da zan lissafa maka yana buƙatar wuta. Ita ake tuhuma, kuma ita ce shaidar da kotu ke jira. Saboda haka ka haɗa kayan aiki tun da rana: tocila, sukudireba, testa. Ka bar makunnin fitilar ɗaki a kunne, ka kwanta da ido ɗaya. Wajen ƙarfe 2 na dare za ta zo. Kana da minti 40, in an yi maka karamci.

Shawara ta 2: Dubi 'yar fitilar nan ta ƙasa.

A gefen ƙasa na monita akwai wata 'yar fitila da ba ka taɓa kallo ba tun ranar da ka saye ta. Yau ita ce likita. Idan a mace take murus, wuta ba ta shiga monitar sam, ko kuma ta shiga ta yi ɓarna ta wuce. Idan ta yi ruwan goro, ko tana ƙyafta ido a hankali, monitar na da rai, saƙo ne daga akwatin kwamfuta bai iso ba. Idan ta kama da kalar da ta saba amma fuska baƙi wuluk, akwai magana, za mu zo kanta. Idan kuwa hoton kan leƙo na daƙiƙa biyu ya ɓace, ko fitilar na kamawa tana sakewa da sauri, wani lokacin da ɗan sauti ƙyas-ƙyas daga baya, to fara shafa aljihu.

Shawara ta 3: Zare, danne, ƙirga.

Zare wayar wuta daga bayan monitar, zare ta hoto, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, bar ta ta huta 'yan mintoci, sannan ka mayar. Ba camfi ba ne. A cikinta akwai ɓangaren tsaro wanda idan ya ji wuta ta zo da hauka yakan kulle ƙofa, ya ƙi buɗewa sai ragowar cajin da ke cikin kafasitoci ya tsiyaye. Ga masu rabo, a nan maganar ke ƙarewa.

Damuwar ita ce daƙiƙa 30 sun isa a tara maka jama'a. Ban san wa ke kai musu labari ba, da ƙarfe 2 na dare kuwa. Na farko zai tsaya bakin ƙofa, hannuwa a baya, ya ce, “Malam, bairos ne.” Ka ce masa monita ba ta kamuwa da bairos, ya ce ai na yanzu daban ne. Na biyu yaron maƙwabta ne da ya yi wata uku a shagon caji. Shi a wurinsa duk abin da ya ƙi kamawa fulashin yake so, tun daga waya har dutsen guga. Na uku zai ce a binne ta cikin shinkafa ta kwana biyu. Shinkafa! Ita wannan dabarar ta wayar da ta faɗa ruwa ce, can ɗin ma ba wani abin kirki take tsinanawa ba, kuma monita mai inci 22 sai ta lashe rabin buhu. Duk wanda ke da rabin buhun shinkafar da zai yi jinyar monita da shi a wannan zamanin, ya sayar ya sayi wata, ya bar mu da talaucinmu. Na huɗu ba ya magana, sukudireba kawai yake miƙa hannu a ba shi. Shi ne mafi haɗari. Zai ɓalle maka ƙugiyoyin robar da ke riƙe da murfin, ya leƙa ciki ya girgiza kai, ya ce “lallai kam”, ya tuna yana da sammako, ya bar maka kusoshi uku a kan tabarma waɗanda har abada ba za a gano mazauninsu ba.

Sai Gwaggo ta leƙo daga tsakar gida: “Ɗan nan, tun ranar da abokanka suka zo suna yaba ta na san baki zai kama ta.” Ita kar ka yi mata musu. A cikinsu duka ita kaɗai ce bayaninta ba zai ƙara lalata komai ba.

Shawara ta 4: Waya da fiyus.

Wayar wutar yawancin monitoci iri ɗaya ce da ta akwatin kwamfuta, mai rami uku ɗin nan. Tunda akwatin na aiki, tasa lafiya lau take: kashe shi, ara, gwada. Idan monita ta farka, ka tsira da kuɗin waya, ko ma na fiyus kawai. Fulogi mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila, wanda suka fito da shi a 1947, yana da ɗan fiyus a cikinsa, aikinsa ya mutu don kada waya ta kama da wuta. Akwai na amfiya 3, akwai na 5, akwai na 13. Monita ba ta buƙatar fiye da na 5. Na san abin da ke ranka, kuma na ga takardar sigari mai ƙyalli da ka dunƙule a tafin hannu. Mu ne masu naɗe fiyus da zaren waya, mu ne masu cusa tsinken ashana a ramin sama na soket don fulogi mai ƙafa biyu ya samu shiga, mu ne masu goya adafta a kan adafta har ta rinjayi bango, sannan in gobara ta tashi a ce daga Allah ne. Daga Allah ne, babu musu. Takardar sigarin kuma daga aljihunka ta fito.

Wasu monitocin ba su da irin wannan waya, ɗan adafta gare su irin na laftof. Idan taka haka take, yi hamdala, domin sau da yawa shi ke karɓar dukan a madadinta. Karanta lambar da ke jikinsa kafin ka aro wani: akwai mai bolt 12, akwai mai 14, akwai mai 19. Kar ka ce ai bakin ya shiga. Baki zai shiga, hayaƙi ya fito.

Shawara ta 5 za ta ɗan jira, domin akwai wanda ake zalunta a wannan shari'ar, shi ne ɗauke wuta. Juya monitar ka karanta takardar da ke manne a bayanta. Za ka ga an rubuta tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. A gidajenmu 230 ya kamata a samu. Wato ko irin wutar nan marar ƙarfi da ƙwan fitila ke yin ja-ja, ita tana iya jurewa. Ɗaukewar ma ba ta cika kashe ta ba. Dawowar ce. A daidai lokacin da yara ke ihun an kawo a kan layi, a daidai lokacin wutar kan yi wani tsalle da bai kai ƙiftawar ido ba, ta zarce ƙima da ɗaruruwan bolt, ta daki duk abin da ta tarar a soket. Kafin ihun ya lafa an gama da kai.

Wannan ƙaramin duka ne ma. Taransifomar unguwa layi uku take fitarwa, da waya ta huɗu da masu aikin ke kira nitiral. Tsakanin kowane layi da nitiral 230 ne, tsakanin layi da layi kuwa kusan 400. Ranar da nitiral ɗin nan ya tsinke, ko iska ta kwance shi, ko ɓarayin tagulla suka yi dare da shi, rabo ya rikice ke nan. Layin da aka yi wa lodi da yawa wutarsa ta faɗi ƙasa, layin da ba shi da kaya sosai tasa ta nufi 400. Ka ga adalci: mai hita biyu da dutsen guga da rishon lantarki ya tsira, kai mai tattali da ba ka kunna komai ba sai caja da monita, kai ne za ka ji ƙauri. Idan ka ga ƙwai ya yi hasken da bai taɓa yi ba, fanka tana neman tsinkowa daga silin, kar ka tsaya yaba wutar yau. Ruga ka kashe babban makunni.

Washegari kuma za ka ji sallama. Kwamitin unguwa ne, da littafinsu mai bango ja: karo-karon gyara. Ba na ƙin karo-karo. Amma a ba ni dama in lissafa. Mu muka sayi waya. Mu muka sayi man taransifoma. Mu muka sayi falwayar da iskar damina ta kayar. Mu muka haɗa kuɗin mai gadin da zai hana a sake sace abin da muka saya. Mu muka ba mai tsani na goro don ya hau ya ɗaura abin da aikinsa ne ya ɗaura. Ƙarshen wata kuma a soke mana takarda a ƙofa, an ƙiyasta wutar da muka sha a kwanakin da taransifomar ke kwance ana jiran karo-karonmu. Kayan da suka ƙone kuwa, firij ne, talabijin ne, monita ce, ka taɓa jin wanda aka ce wa ko sannu?

Madatsar Kainji tun 1968 take ba da wuta. An ƙara Shiroro a 1990. Yau ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 megawat 4,000 zuwa 5,000 take rabawa, shi ma ranar da babban layin ƙasa bai faɗi ba. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A ninki uku da ɗoriya, zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. A watan Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Ni monita na rasa, kuma ga ni ina ta hayaniya. Mai walda fa? Mai niƙa, tela mai keken lantarki, matar da jarinta gaba ɗaya ƙanƙara da zoɓo ne a cikin firiza? Yaron da ya ranto kuɗi ya buɗe shagon buga takardu da kwamfuta biyu, dare ɗaya ya wayi gari da gawa biyu a kan tebur? Wa zai rubuta masa shawarwari masu lamba? Me zai danne na daƙiƙa 30?

To. Ina muka tsaya? A ce ta 6.

Za a ce maka da ka sayi sitabilaiza. Saya, yana da amfani ga wutar da ke hawa da sauka a hankali, kuma in yana da maɓallin jinkiri ka danna shi, don ya bari wuta ta natsu kafin ya sake ta. Amma ga tsallen nan na farat ɗaya, sitabilaiza tsohon maigadi ne: sai ɓarawo ya haura ya fita da kaya sannan za ka ji ya yi tari ya haska tocila. Za a ce ka sayi ekstenshan mai kariya. Na gaske yana da wani ɗan faifai a ciki, galibi shuɗi, da ake kira baristo, wanda ke shanye dukan, yana lalacewa kaɗan-kaɗan da kowane duka har ranar da zai zama ado. Na bakin titi kuwa, in ka kwance shi, abin da za ka tarar siririyar waya ce da jan ƙwai. Jan ƙwan na aiki sosai. Za a ce ka sayi UPS, wanda batirinsa mai bolt 12 ba ya shiri da zafin watan Afrilu, kuma idan ya tsufa aikinsa ya koma kuka kawai: a ɗauke wuta, ya yi tsiwa sau uku, ya mutu tare da kowa. Daga nan sai inbata, sai sola, sai ka duba ka ga kayan da ka saya don su tsare monita sun ninka kuɗin monitar sau goma. Kariyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce ta iyayenmu da talabijin ɗinsu mai ƙofa: an ɗauke, a zare fulogi. An kawo, a bari ta zauna tukuna.

Wata shawarar, ga masu fitila ruwan goro. Taka ba ta mutu ba, mantuwa ta yi. Wasu monitocin in an yanke musu wuta sukan koma sauraron wata ƙofar daban: wayarka na HDMI, ita tana jiran VGA, mai shuɗin kan nan da 'yan allurai 15. Nemi maɓallin da aka rubuta wa Source ko Input, ka yi ta dannawa har ta tuna. Duba kuma ko a cikin ruɗewar dare ka mayar da wayar ramin da ba nata ba, domin akwatin da ke da katin hoto na daban yana da ramuka sama da ƙasa, kuma na katin ne ke aiki. Idan Windows gare ka, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare, zai sake tayar da ɓangaren hoto. Bai yi ba? Jona monitar da laftof ko risiba. Ko kuma ka ɗauki akwatin ka kai falo ka jona da talabijin, in kana da ƙarfin halin da za ka tsaya gaban uwargida da yara, a cikin 'yar wutar da aka samu, ana tsakiyar shirin Daɗin Kowa, ka ce a ba ka minti biyar. Ni ba zan raka ka ba.

Idan talabijin ɗin ma bai nuna komai ba, ka nemi gafarar monita, akwatin ne. Zare masa wuta, buɗe shi, cire RAM, goge haƙoransa masu ruwan zinare da robar goge fensir, hure ƙurar hunturun da ta yi shekaru tana tara zuri'a a ciki, mayar har ka ji ƙas. Akwai kuma ɗan batiri mai faɗi, CR2032, wanda in ka cire na ɗan lokaci… kai, bar shi. An ɗauke.

Shawarar tocila, wannan tana da daɗi, kuma ita kaɗai ce duhun ɗaki ke taimaka wa. Idan fitila ta kama daidai amma fuska baƙi, kunna komai, ka matso da tocila dab da gilashin a karkace. In ka hango inuwar hoton can ciki, gumakanka na nan, takardar da kake bugawa na nan, to fitilun bayan gilashin ne suka mutu, ko abin da ke ba su wuta. Ana gyarawa. Na san wanda ya ƙarasa wasiƙar neman aiki a haka, ƙaninsa na riƙe masa da tocila.

Kar ka buɗe ta da kanka. A nan babu wasa. Babban kafasitan da ke ciki yana tara sama da bolt 300, kuma yakan riƙe su bayan an zare fulogi. In tsohuwar nan ce mai ƙusumbi, ita dubban bolt take ajiyewa. Naɗe ta a zanin gado, hau adaidaita, sai shagon mai gyara.

“Injiniya, duba mini wannan.”

Ba zai ɗago kai ba. “Fanel ne, Alhaji.”

“Ai ba ka buɗe ba.”

“Duk na jiya fanel ne.”

Ya kira ka Alhaji alhali ko filin jirgi ba ka taɓa rakiya ba, ka san kuɗi ya hau. Ja benci ka zauna, ka ce a buɗe a gabanka. A kan fanel ɗin wuta za ka ga wasu 'yan gwangwanaye a tsaitsaye, kowanne da tsaga a ka. Mai lafiya kansa a shafe yake. Wanda ya mutu kansa ya kumbura, wani ma ya yi dalalar abu ruwan ƙasa. Su ne kafasitocin, su ne suka fi yawan jawo kama-da-sakin nan, kuma duka-dukansu ba su kai kuɗin kwanon shinkafa da wake ba. Ka ce ya sa masu lamba ɗaya da waɗanda ya cire, bolt ɗinsu daidai ko sama, masu jure zafin digiri 105, ba waɗanda ya ɓalɓalo daga gawar rediyon wani ba. Ka ce ya auna fiyus ɗin da ke kan fanel ɗin shi ma. Zai dube ka sama da ƙasa, ya gane an karanta mujalla, ya rage wani abu. A gaskiya da yawansu gwanaye ne, suna tayar da abin da a Turai bola za a kai. Sai dai ƙarfen dalmarsa shi ma wuta yake jira, don haka zai ce ka dawo gobe. Gobe kuma ya tafi ɗaurin aure.

Ta nawa ke nan? Ta ƙarshe dai. Idan gilashin ne da kansa ya tafi, ko babban fanel, kar ka zuba kuɗi a rijiya. Wanke ƙafa ka shiga kasuwa, in a Kano kake ka san hanyar titin Beirut, ka nemi 'yar Kwatano. Kar ka biya sai an kunna a gabanka. Ka sa a nuna maka fari fat, ka nemi baƙaƙen ɗigo da tabo. A nuna maka baƙi, ka nemi ɗigon da ke ƙyalli. A gwada kowane rami na baya, a bar ta ta yi minti 10 tana aiki don ta ɗau zafi, domin wata cutar sai jiki ya yi ɗumi take fitowa. Ka faɗi duk wannan da murya irin ta wanda ya san abin da yake yi. Mai shago zai saurare ka har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce:

“Gaskiyarka, Yallaɓai, haka ya kamata. Sai dai tun safe babu wuta. In za ka sa a sayo lita ɗaya, sai yaro ya tayar da inji.”